Rufe Zobe a Cikin Kogo: Wane Mai Masauki Ya Dace da Aikinka?

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin haɗa molekul mai siffar babban zobe a ɗakin gwaji ya san inda gizo ke saƙar. Kana da doguwar sarƙa ta atom ɗin kabon, kana so kanta da wutsiyarta su haɗu su kulle. Amma sarƙar tana da ɗaruruwan hanyoyin lanƙwasawa, kuma kaɗan ne a cikinsu ke kawo bakunan biyu kusa da juna. Kafin kai ya sami wutsiyarsa, ya riga ya ci karo da wutsiyar wata sarƙar, su ƙulla, ta uku ta zo ta ƙulla, daga ƙarshe ka tarar da danƙo a gindin kwalba maimakon zobe. Zobe mai atom 5 ko 6 ba ya ba da wahala. Daga 8 zuwa 11 ne abin ya fi tsanani, domin atom ɗin da ke ƙetaren zoben suna matse juna. Daga 12 zuwa sama matsin yakan ragu, sai dai nisan da ke tsakanin bakunan ya ƙaru.

Kuma zobban nan ba na ado ba ne. Tun 1926 Leopold Ruzicka ya nuna cewa muskon, ƙamshin almiski, zobe ne mai atom 15, sibeton na turaren jibda kuma mai atom 17. Eritromaisin yana da zobe mai atom 14, aibamektin da ake rabawa a ƙauyukanmu saboda makantar da ƙudan rafi ke kawowa yana da mai 16. Ƙwayoyin halittar da ke samar da tushen waɗannan magunguna ba sa fama da danƙo, saboda enzayim ɗinsu yana kama sarƙa guda ɗaya, ya naɗe ta a cikin aljihunsa, ya raba ta da sauran, sannan ya kulle ta. Wannan dabarar ce masana kimiyyar sinadarai ke kwaikwayo da molekul masu kogo a ciki. A fagen ana kiran mai kogon mai masauki, abin da ya shiga ciki kuma baƙo.

Ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ya shigo fagen yakan rikice, domin kowane gidan bincike yana yabon nasa, kuma alƙaluman da ake bugawa suna ɗaukar ido. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne: yawancin masu masaukin da suka yi suna ƙananan zobba suke rufewa, masu atom 4, 5 ko 6. Waɗanda aka tabbatar suna rufe babban zobe na gaske 'yan kaɗan ne. Idan ka zaɓa bisa girman alƙalamin sauri kawai, za ka iya ɓata shekara a kan abin da bai shafi sarƙarka ba.

Ma'aunan da za a bi

Na farko, dacewar baƙo da kogo. A 1998 Sandro Mecozzi da Julius Rebek suka nuna cewa baƙo ya fi zama daram idan ya cika kimanin kashi 55 cikin 100 na kogon, da ɗan sama ko ƙasa. Kogon da ya yi yawa ba ya tilasta wa sarƙa naɗewa, wanda ya yi kaɗan kuma ba ta shiga. Bayan girma akwai hali: baƙonka mai cajin tabbatau ne, ko maras caji ne mai ƙin ruwa? Wannan tambayar kaɗai takan zubar da rabin zaɓin.

Na biyu, kuma shi na fi ba nauyi: in zoben ya kulle, zai fita? Sau da yawa zoben da aka haɗa ya fi sarƙar farko dacewa da kogon, sai ya zauna ya ƙi tashi, sabon baƙo ya rasa wurin shiga. Jongmin Kang da Rebek sun ga haka a 1997 da wani kafso nasu, wato mai masaukin da ke rufe baƙo ta kowane gefe: haɗin Diels-Alder, wanda ke ƙulla sabon zobe mai atom 6, ya yi sauri kusan ninki 200, amma abin da aka haɗa ya toshe kogon. In haka ta faru, dole ka zuba mai masauki ɗaya ga kowane baƙo ɗaya, lissafin kuɗi kuma ya canza gaba ɗaya.

Sauran ma'aunan su ne ruwan da za a yi aikin a ciki, ko tsabtataccen ruwa ko kuloroform. Kuɗi da yawan matakan haɗa mai masaukin. Juriyarsa ga iska da asid da zafi. Sai na'urar da za ta tabbatar maka cewa a cikin kogon abin ya faru, ba a waje ba.

Tsohuwar hanya: tsinkawa

Kafin a ambaci kowane kogo, dole a ajiye wannan a gefe a matsayin abin gwadawa. Paul Ruggli ya fara ta a 1912, Karl Ziegler ya inganta ta a shekarun 1930. Ana tsinka kayan haɗin da ruwan narkarwa mai yawan gaske, ko a riƙa ɗiga shi a hankali da famfon sirinji, har kowace sarƙa ta zama ba ta da maƙwabciya a kusa. Tana aiki, kuma har gobe da ita ake rufe yawancin manyan zobba. Illarta ruwa da lokaci. Giram ɗaya na molekul mai nauyin 300, in za a tsinka shi zuwa milimola ɗaya a lita, yana cin fiye da lita uku. Ka ninka wannan zuwa kilo ka ga inda masana'anta ke kuka. Duk mai masaukin da bai fi wannan hanyar ba a kan sarƙarka, babu dalilin ɗaukarsa, sai dai in binciken kogon kansa ne burinka.

Saiklodekstirin

Shi ne mafi tsufa da araha. Antoine Villiers ya fara ganinsa a 1891, Franz Schardinger ya bi shi da bincike a farkon ƙarni na 20. Daga sitaci ake yin sa da taimakon enzayim, ko na masara ko na dankali ko na rogo. Iri uku ne aka fi sani: alfa mai gulukos 6, beta mai 7, gama mai 8. Faɗin kogon alfa kimanin angstrom 5 ne (angstrom ma'aunin tsawo ne a matakin atom), na beta ɗan sama da 6, na gama kusan 8, zurfinsu duka kusan 7.9. Beta ne masana'antu suka fi samarwa, kuma shi ya fi araha nesa ba kusa ba, amma giram 1.85 kacal ke narkewa a mililita 100 na ruwa, alhali alfa yana kai 14.5, gama 23.2.

A 1980 Darryl Rideout da Ronald Breslow suka gwada haɗin Diels-Alder a ruwa. Beta ya ƙara masa sauri saboda yana ɗaukar abokan haɗin biyu tare, alfa kuwa rage shi ya yi, domin ɗaya kawai yake iya ɓoyewa, sai ya raba shi da ɗan'uwansa. Bambancin gulukos guda ɗaya ke nan. Gama kuma yana ɗaukar molekul biyu na antirasin a jere, a haska musu fitila su haɗu, kuma da yake daga sukari aka yi shi, yana iya fifita siffar dama a kan ta hagu, abin da Yoshihisa Inoue ya daɗe yana bincike a Japan.

Ba ya da guba, ba ya tsoron iska, yana jure alkali, asid mai ƙarfi da zafi ne ke farfasa shi. Amma ga babban zobe ban ba da shawararsa ba. A buɗe yake sama da ƙasa, ga shi ba zurfi, don haka doguwar sarƙa ratsa shi take yi ta wuce maimakon ta naɗe. Aikin Akira Harada a Osaka ya nuna haka ƙarara, inda zobban alfa ke jeruwa a kan sarƙar polima ɗaya. Riƙonsa ma sako-sako ne.

Kukurbituril

Robert Behrend ya haɗa shi a 1905 daga gilaikoluril da fomaldihaid a cikin asid, ba tare da ya san siffarsa ba. Sai a 1981 William Mock da abokan aikinsa suka warware ta. A 2000 Kimoon Kim na Koriya ta Kudu ya ware sauran 'yan gidan, CB[5] da CB[7] da CB[8], bayan CB[6] da aka sani (CB gajartar sunan ce, lambar kuma yawan gilaikoluril ɗin da ke cikinsa). Daga CB[5] zuwa CB[8] a jere, kogonsu yana tashi daga angstrom kubik 82 zuwa 164 zuwa 279 zuwa 479. Ƙofofinsa biyu an jera musu atom ɗin oksijin, shi ya sa yake son baƙo mai cajin tabbatau, musamman gishirin amoniyam.

Mock ya nuna cewa CB[6] yana ɗaukar azaid da alkain tare, ya haɗa su su zama zoben tirayazol mai atom 5, da saurin da ya kai ninki dubu 55, kuma siffa ɗaya tak ke fitowa. CB[8] yana jera molekul biyu a haska su, su ba da zobe mai atom 4 da tsabta sosai. Wajen juriya babu kamarsa a wannan jerin: yana zama a asid mai ƙarfi, yana jure zafin da ya haura digiri 300, iska ba ta dame shi ba.

Ƙarfin riƙonsa shi ne abin alfaharinsa, shi ne kuma damuwarsa. An auna wani baƙo a CB[7] da ƙarfin riƙo da ya haura 1 mai sifili 17 a bayansa, wanda ya zarce na biyotin da abidin, bitamin da furotin ɗin da suka yi suna da ƙarfin riƙon juna. A gwajin Mock ɗin ma fitar tirayazol daga kogon shi ne matakin da ke jan ƙafa. Ƙari ga haka, CB[6] da CB[8] da ƙyar suke narkewa a tsabtataccen ruwa, CB[5] da CB[7] ne ke kai milimola 20 zuwa 30 a lita. Kayan haɗa shi masu araha ne, amma raba 'yan gidan aiki ne mai cin rai, shi ya sa farashin CB[7] da CB[8] a wajen masu sayarwa yake sama ƙwarai. Garin da ka saya ko ka haɗa yakan riƙe ruwa da ragowar asid, don haka nauyin da sikeli ya nuna ba shi ne ainihin adadin ba, sai ka auna shi da baƙon da aka san halinsa. Sodiyam da fotasiyam kuma suna zama a bakin ƙofa su tare hanya, wanda ke nufin ruwan daidaita pH ɗinka ma yana iya ɓata maka sakamako.

Kabitand mai zurfi

Nan ne ya kamata mai neman babban zobe ya tsaya ya daɗe. Donald Cram ne ya buɗe wannan gida a farkon shekarun 1980, kuma yana cikin ukun da suka karɓi kyautar Nobel ta 1987 tare da Jean-Marie Lehn da Charles Pedersen. Rebek a cibiyar Scripps da ke Kalifoniya, daga baya tare da Yang Yu a Jami'ar Shanghai, ya ƙara masa dogayen bango huɗu da ƙafafu masu caji don ya narke a ruwa. Bambancinsa da biyun baya shi ne gindinsa a rufe yake, baki ɗaya kawai gare shi.

Ka ɗauki sarƙa mai tsakiya mai ƙin ruwa, bakunanta biyu kuma masu son ruwa, kamar amin ko aldihaid. Tsakiyar tana gudun ruwa ta faɗa kogon, bakunan sun ƙi shiga, sai sarƙar ta lanƙwashe biyu, kamar igiyar guga da aka cusa tsakiyarta a tulu, bakunanta biyu na leƙowa kafaɗa da kafaɗa. Abin da tsinkawa ke nema da lita-lita na ruwa, ga shi an same shi a mililita ɗaya. Kuma ana ganinsa da ido a na'urar NMR, wadda ke nuna halin da atom ɗin molekul ke ciki ta hanyar maganaɗisu. Ka zuba baƙon a bututun da ke ɗauke da kabitand a ruwa mai nauyi (D2O, ruwan da ake aikin NMR da shi), ka girgiza shi da na'urar sauti har ɗigon man ya ɓace. Alamomin haidirojin na sarƙar, waɗanda a da suke cunkushe a wajen maki 1.3 a ma'aunin na'urar, sai su bazu su gangara ƙasa da sifili, saboda bangon kogon yana kare su. Wanda ya fi nutsewa shi ya fi gangarawa, har kusan maki huɗu, don haka kana iya ƙirga wane kabon ne a gindi, wanne ne a baki.

Sakamakon da aka buga yana da ƙarfi. A 2016 sun rufe sarƙoƙi masu amin biyu suka sami zobban laktam masu atom 17 zuwa 25, abin da aka samu ya ninka na waje sau 3 zuwa 10. A 2021 sun ɗauki sarƙoƙi masu aldihaid biyu, suka rufe su ta haɗin aldol, suka sami zobba masu atom 11 zuwa 17 da amfanin kashi 30 zuwa 85. Ka lura cewa wannan zangon ya taɓo masu wuyar nan, ya kuma rufe girman muskon da sibeton.

To amma sai an biya. Haɗa shi matakai ne da dama daga resosinarin: a ɗora bangon, a mayar da naitiro zuwa amin, a rufe baki, a gyara ƙafafu. Sabon hannu zai ci makonni kafin ya sami mai tsabta. Yawanci kabitand ɗaya ake sa wa baƙo ɗaya, ko ma fiye, ko da yake ana iya tsamo zoben da ruwan narkarwa a sake amfani da shi. In babu baƙon da ya dace, bangon yakan buɗe ya kwanta, biyu su manne da juna, kogon ya ɓace. Sarƙa mai rassa da yawa ko mai son ruwa a tsakiya ba ta shiga. Kuma yawancin aikin a ma'aunin miligiram aka yi shi. Wannan hanya ce ta fahimtar yadda zobe ke kulluwa da samo zobban da suka gagara, ba ta cika kwalba ba tukuna.

Kafson resosinarin

Ga wanda aljihunsa bai da nauyi amma yana son aikin da duniya za ta karanta, wannan na fi so. Mataki ɗaya ne: resosinol da aldihaid mai doguwar wutsiya, a dafa su a etanol da asid, a bar shi ya huce, gari ya kwanta, a tace, a wanke, a sake narkarwa don ya yi tsabta. Giram goma-goma ake samu. In ka zuba garin a kuloroform mai ɗan danshi, molekul shida da ruwa takwas suna haɗa kansu da kansu da igiyoyin haidirojin 60, su zama kafso mai kogon kusan angstrom kubik 1400. Leonard MacGillivray da Jerry Atwood ne suka bayyana siffarsa a 1997.

Konrad Tiefenbacher, wanda yanzu yake Basel a Suwizalan, ya nuna a 2013 cewa kafson yana aiki kamar asid mai sauƙi, kuma bangonsa yana lallashin caji mai tabbatau da ke bayyana a tsakiyar haɗi. A 2015 suka rufe tafin, wato sinadaran da ke cikin man tsirrai masu ƙamshi, a cikinsa: nerol ya koma yukaliftol, sinadarin da ke cikin man bishiyar turare, asitet ɗin jeraniyol kuma ya koma alfa-tafinin. Daga baya suka kai ga manyan tafin masu kabon 15, har suka haɗa wani mai wuyar samu a matakai huɗu kacal. Muhimmin abu shi ne kashi 10 cikin 100 na kafson ya isa, domin zoben da ya fito ba shi da caji, riƙonsa ba ƙarfi, yana fita wani ya shiga.

Akwai darasi a tarihinsa da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa kafson shi kaɗai ba ya rufe tafin, sai da ɗan burbushin asid na HCl, wanda kuloroform ke saki in haske ya taɓa shi. Asid ɗin shi kaɗai ma, a wannan ƙaramin adadi, ba ya yi. Ma'ana, tsufan kwalbar kuloroform ɗinka yana iya canza sakamakonka. Ka tsabtace ta, ka zuba asid ɗin da hannunka a adadin da ka sani. Kuma ka yi gwajin toshewa: ka sa gishirin tetirabutil-amoniyam ya cika kogon, in haɗin ya tsaya, ka tabbata a ciki yake faruwa.

Rauninsa a fili yake. Alkohol da sauran ruwan narkarwa masu son igiyar haidirojin suna wargaza shi. Kuloroform yana cutar da hanta, ba a aiki da shi sai a akwatin zuƙar hayaƙi. Kogon yana da faɗi, don haka sau da yawa gauraye ake samu, ba abu ɗaya ba. Zobban da yake rufewa kuma ƙanana ne masu sarƙaƙiya, ba babban zobe guda ba. Sauƙinsa ɗaya shi ne na'urar GC-MS, mai raba gauraye ta auna nauyin kowane molekul, tana iya bin diddigin tafin, ba sai kullum an je NMR ba.

Kejin ƙarfe

Biyu ne suka yi fice. Na Makoto Fujita, wanda ya bayyana a 1995, yana da faladiyam shida da faifai huɗu, cajinsa tabbatau 12, yana narkewa a ruwa, ba ya tsoron iska. A 2006 ya sa antirasin ya yi haɗin Diels-Alder ta zobensa na gefe maimakon na tsakiya da aka saba, abin da ba ya faruwa a waje. Amma abin da aka haɗa yana maƙalewa, sai keji ɗaya ga baƙo ɗaya. Wani ɗan'uwansa mai buɗaɗɗen baki ne ya iya juyawa da kashi 10, shi kuma haɗin da aka saba yake bayarwa. Haɗa kejin ba wuya, a gauraya a dumama, amma faladiyam ƙarfe ne mai tsadar gaske, kuma duk abin da ke son kama faladiyam, kamar amin mai ƙarfi, yana iya ruguza shi.

Na Kenneth Raymond a Berkeley, da ya yi aiki a kansa tare da Robert Bergman da Dean Toste, galiyam huɗu ne da sanduna shida, cajinsa korau 12. Shi ke riƙe da alƙalamin da ke ruɗar ɗalibai: a 2010 ya hanzarta rufe zoben Nazarov ninki miliyan 2.1, abin da ya kai matakin enzayim. Sai dai zoben mai atom 5 ne, kuma shi ma ya toshe kogon, sai da suka zuba malimaid ya riƙa kama shi yana mayar da shi abin da ba ya komawa ciki. Dabara ce mai kyau da za ka iya aro wa kowane mai masauki. Kogonsa ƙarami ne, oksijin yana lalata sandunansa, asid yana wargaza shi. In ɗakin gwajinku ba shi da layin naitirojin ko agon da za a dogara da shi, ka bar wannan.

Silika mai ramuka

Wannan ba molekul ɗaya ba ne, gari ne mai ramuka, amma tunanin ɗaya ne, kuma shi ne na biyu da ya taɓa babban zobe da gaske. Ƙungiyar Michael Buchmeiser a Stuttgart ta Jamus ta ɗaure katalis ɗin rutiniyam irin na Grubbs da Hoveyda a cikin ramukan silikar da ake kira SBA-15, masu faɗin kimanin nanomita 5, bayan sun toshe bayan garin don kada katalis ya zauna a waje. A rahotonsu na 2019, rabon babban zobe ya tashi daga kashi 35 zuwa 60, a kaurin da ya fi na tsinkawa sosai. Ƙarin ba mai girgiza duniya ba ne, amma katalis ne na gaske, ana tace shi a cire, kuma ya fi kowa kusa da abin da masana'anta za ta iya ɗauka. Sharaɗinsa sarƙarka ta ƙare da alkin, wato kabon biyu masu ɗauri biyu a tsakaninsu, a bakuna biyu, kuma kana da na'urar auna ramuka.

| Mai masauki | Kogo, angstrom kubik | Ruwan aiki | Kuɗi da wahala | Juriya | Zoben da aka tabbatar | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Saiklodekstirin | 174 zuwa 427 | ruwa | mafi araha, saye ake yi | mai kyau | atom 4 zuwa 6 | riƙo sako-sako, sarƙa na ratsawa |
| Kukurbituril | 82 zuwa 479 | ruwa, asid | kaya araha, rabawa wuya | mafi ƙarfi | atom 4 zuwa 6 | zobe ya ƙi fita |
| Kabitand mai zurfi | daidai naɗaɗɗiyar sarƙa ɗaya | ruwa | matakai da yawa | matsakaici | atom 11 zuwa 25 | ɗaya ga ɗaya, ƙaramin ma'auni |
| Kafson resosinarin | kusan 1400 | kuloroform | araha, mataki ɗaya | alkohol na wargaza shi | ƙananan zobban tafin | gauraye, burbushin asid |
| Kejin Fujita | kusan 500 | ruwa | faladiyam mai tsada | yana jure iska | atom 4 zuwa 6 | maƙalewa |
| Kejin Raymond | 250 zuwa 450 | ruwa mai alkali kaɗan | matsakaici | oksijin na lalata shi | atom 5 da 6 | iska, asid |
| Silika SBA-15 | rami nanomita 5 | ruwan narkarwa | rutiniyam, na'urori | mai kyau | manyan zobba | haɗi iri ɗaya kawai |

To wanne ga wa?

In abin da kake so shi ne giram-giram na babban zobe don wani aiki na gaba, ka fara da tsinkawa da famfon sirinji, ka auna abin da ka samu. In ya yi ƙasa ƙwarai kuma bakunan sarƙarka alkin ne, sai ka nemi haɗin gwiwa da masu silika. Kada ka fara gina kabitand saboda wannan buƙata.

In kuwa tambayarka ta bincike ita ce yadda doguwar sarƙa maras rassa, mai kabon goma sha wani abu, za ta kulle a ruwa, musamman zobe mai atom 11 zuwa 17 da ya ƙi fitowa ta kowace hanya, kabitand ne naka, babu na biyunsa. Amma ka tabbatar tun kafin ka sayi kwalba ɗaya cewa kana da NMR da za ka iya zuwa kowane mako da kuɗin ruwa mai nauyi. Wanda sai ya aika samfuri wata ƙasa ya jira wata guda ba zai iya wannan aikin ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Wanda ke aiki a kan man tsirrai masu ƙamshi, kuma da yawa daga ɗalibanmu nan suke, kafson resosinarin ya fi dacewa da shi. Kayan farawa suna samuwa, GC-MS ta isa yawancin aikin, kuma akwai tafin da yawa da ba a gwada a cikinsa ba. Ya dai kula da kuloroform ɗinsa da gwajin toshewa.

Mai baƙo mai cajin amoniyam da ke son haɗa molekul biyu su zama ƙaramin zobe ya ɗauki kukurbituril: CB[6] ga tirayazol, CB[8] ga haɗin haske. Ya tanadi baƙo mai ƙarfin riƙo da zai kori zoben daga kogo in an gama.

Malamin da ke son ɗaliban digirin farko su ga tasirin kogo da idonsu, da kuɗi kaɗan, ya sayi alfa da beta saiklodekstirin ya sa su maimaita kwatancen Breslow.

Kejin ƙarfe kuma na bar shi ga wanda ya sami gurbi a ɗakin gwajin da ya riga ya saba da shi. Na Fujita in ana neman haɗi ta gefen da ba a saba ba kuma akwai kuɗin faladiyam, na Raymond in ana son nazarin saurin da ya kai na enzayim kuma akwai akwatin aiki maras iska.